Sha Uku Bisa Sha Takwas

Ummi, yau watanki takwas, kina kwance bisa zanen kakarki kina tsotsar babban yatsan ƙafarki, ba ki san komai ba. Ni kuwa na ɗauko ragowar kayen da na bari tun ina kolej, na yage shafukan lissafi, na fara rubuta miki wannan. Na san garinmu. Kafin ki iya ɗaukar tulu za a ba ki labarin rasuwar kakarki, wadda aka sa miki sunanta, a ce miki wani injin asibiti ne a Maraɗi ya dafa mata huhu. Shekara huɗu ana faɗin haka a Madarunfa, a bakin rijiya da gidajen suna, ina zaune ina ji, ban taɓa cewa uffan ba. Ba haka aka yi ba. Na san yadda aka yi, domin ta bakina abin ya bi.

A shekarar korona ne, cikin bazara. An rufe makarantu, an rufe iyaka, Baba kuma yana Najeriya ci-rani, hanyar dawowa ta gagare shi. Gidan yana hannun yayansa, Baffa Sanda, sai ƙanwarsu Gwaggo Hajo da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta. Inna suyar kifin tabki take yi a ƙofar gida, shi ya sa da tari ya kama ta kowa ya ce hayaƙi ne. Sai zazzaɓi ya biyo. Sai na lura in ta taso daga rijiya tana ajiye bokiti sau biyu kafin ta iso, ta yi kamar tana gyara ɗankwali. A lokacin ba mai son a ji yana tari. Ana ta faɗin cewa a asibitin Maraɗi akwai wani ɗaki can baya, wanda ya shiga ba a ganinsa, in ya mutu ba a ba danginsa gawa, wasu masu rigar leda ne ke rufe shi ba wanka. Da majon garinmu, wato babban ma'aikacin ɗakin shan magani, ya saurari ƙirjinta ya rubuta mana takardar zuwa Maraɗi, Baffa ya kwana biyu yana juya takardar kafin ya yarda. A cikin mota Inna ta damƙe mini hannu, tafinta kamar an ɗauko daga murhu.

"Balki, ko mi za a yi, kada ki bari a kai ni ɗakin nan. In lokaci ya yi, Gwaggonki za ta wanke ni."

"Haba Inna, wa ke zancen wanka?"

"Ni ke yi. Ke dai ki ce kin ji."

Na ce na ji.

Likitan da muka samu saurayi ne Bazabarme, bai daɗe da zuwa daga Yamai ba, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa. Rabin fuskarsa a rufe, ido kawai muke gani. Ya tambaya da Faransanci ko akwai wanda ya yi lakwal, wato boko, Baffa ya tura ni gaba da yatsa ɗaya. Daga ranar na zama bakinsa, na zama kunnen gidanmu. Aka ɗauki hoton ƙirjin Inna, abin da muke kira radiyo. Ya ɗaga shi wajen taga, ya raba kowane huhu gida uku da ɗan yatsa, yana ƙidaya a ransa, sannan ya rubuta a kusurwar ambulan ɗin: shida bisa sha takwas. Gabana ya faɗi, don a aji wanda ya samu shida sai ya sha bulalar mushe, malaminmu. Ya ga fuskata ya gane. Ya ce a nan ƙaramar lamba ake so. Ya nuna mini baƙin wuri ya ce iska ce, farin da ya yi kamar gajimare kuma ruwa ne da kumburi. Gida shida ne, kowanne ana ba shi daga sifiri zuwa uku gwargwadon farinsa, a haɗa. Ya ce ciwon huhun Inna ƙwayar cuta ce irin ta mura ta kawo shi, allura ba ta kashe ta, jiki ne ke yaƙinsa. Abin da su ke iyawa shi ne su sa wa mutum iska ta roba a kan lokaci. Lambar kuma tana nuna musu wanda jikinsa zai rikice tun shi mai jikin bai sani ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ba ta kwanta mini ba. Yaya ledar hoto za ta san abin da mai rai bai sani ba? Na fara sa masa ido. Na ga yana daɗewa a kan hoton fiye da yadda yake daɗewa a kan Inna. Na ga yana da wani koren kaye, littafin rubutu, da ba ya rabuwa da shi. Rana ta biyu aka kira shi waje ya bar shi buɗe bisa tebur, na leƙa. Suna, shekaru, lambar hoto, sannan layin ƙarshe mai harafi ɗaya tak: ko harafin farko na kalmar fita, ko na kalmar mutuwa. Ban buƙaci kowa ya fassara mini ba. Na bi da ido, na ga harafin mutuwa ya fi zama kusa da manyan lambobi. Wasu sunayen kuma layinsu fili ne, yana jira, cikinsu har da na Inna. Na koma na raɗa wa Gwaggo.

Ta ce, "Ba na hwaɗa muku ba? Rubuta mutane su kai. Ke kin ga wanne ya hwara rubutawa, lambar ko mutuwar?"

Ban gani ba. Tambayar ta zauna mini a ciki kamar tsakuwa.

A rana ta uku Inna ta tashi da ƙarfinta. Ta zauna, ta sha fura rabin kwano, har ta tsokani Baffa da ke tsaye a bakin ƙofa ya naɗe hanci da rawani.

"Yaya, shigo mana. Kai da ka kama kada a tabki, tarin mace ɗaya ya kore ka?"

"Kada ana ganinsa, Mariya. Wanga ba a ganinsa."

Kowa a ɗakin ya yi dariya, har matar gadon kusa. A safiyar nan aka sake ɗaukar hoto. Likita ya zo da shi, ya maƙala mata ɗan abin auna iskar jini a yatsa, ya dubi abin da ya nuna, ya sake duban hoton. Ya tsaya a ƙarshen gadon ya kira ni. Har yau in na rufe ido ina jin muryarsa ta bayan ƙyalle. Ya ce shekaranjiya shida ne, yau sha uku. Ya ce Inna tana jin daɗin jikinta amma huhun yana cika, wannan ciwon haka yake yaudara. Masu irin wannan lamba da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu numfashi ke gagararsu. Ba duka ba, shi ba Allah ba ne, ya ga waɗanda suka fi haka sun tashi, amma da iska suka tashi. Yana son a mai da ita ɗakin baya yau, kafin abin ya zo. Sannan ya ce, ki faɗa musu daidai yadda na faɗa.

Na juyo. Inna tana kallona da furar a leɓenta. Gwaggo ta daina fifita. Baffa ya matso taku ɗaya.

"To, ɗiyar lakwal, mi ya ce?"

Ummi, ke ma za ki tashi cikin wannan, don haka ki fahimce ni ko da ba za ki yafe mini ba. A wurinmu ba a tambayar jiki a amsa da gaskiya. Wanda maciji ya sara, ƙafa ta kumbura kamar turmi, in ka ce ya jiki zai ce da sauƙi. Na ji kakana ya faɗe ta ana gobe zai rasu. Ba ƙarya muke ɗaukarta ba, ladabi ne ga Allah da kuma tausayin mai tambaya. Wanda kuwa ya dubi mara lafiya ya ce jibi za ka rikice, sunansa mai mugun baki, in abin ya faru a wuyansa yake. Balle ɗiya, a gaban baffanta, a kan uwar da ke zaune tana dariya. Ga alkawarin cikin mota. Ga koren kaye. Na buɗe baki da niyyar in sassauta maganar kaɗan, sai na ji abin da ya fito.

"Ya ce da sauƙi."

Inna ta ce alhamdu lillahi. Amma cikin ƴan kalmomin Hausar da likitan ya sani har da wannan, don kullum ita yake ji daga kowane gado. Idonsa ya canza. Ya tambaye ni da Faransanci me na gaya musu. Na ce a hankali nake shirya su, haka ake yi a nan. Ya dube ni, ya dubi Baffa, da alama zai nemo wani ya maimaita, sai aka leƙo aka kira shi da gaggawa. Yana fita yana ce mini, yau, ba gobe ba.

Baffa bai ɓata lokaci ba. Ya ce tun da an samu sauƙi, zaman me za a yi cikin masu tari, a ɗauko wani ciwon? Bayan azahar ya sa Gwaggo ta ɗaure kaya. Ma'aikaciyar da ke ɗakin, Bahaushiya ce babba, ta tare ƙofa.

"Alhaji, ina za ku? Likita bai sallame ku ba. Iska ya ce a sa mata, ana gyara gado a baya."

"A baya?" Baffa ya sauke rawanin daga hancinsa. "Da sahe ya ce da sauƙi, da rana a baya? Baki nawa gare shi?"

"Ni dai ban ji ya ce da sauƙi ba."

"Ke ba ki nan. Balki, da kunnenki kinka ji ko ba da kunnenki ba?"

Allah ya ba ni ƙofa ta biyu a nan, a buɗe. Na dubi Inna, ta riga ta yafa gyale, idonta yana kaina.

"Da kunnena na ji, Baffa."

Matar ta daɗe tana kallona. Ta kawo takardar da ke cewa mu muka fitar da ita da kanmu. Ba mai iya sa hannu sai ni. Na sa.

Kwana biyu a gida Inna tana shan kunu, maƙwabta suna shigowa barka, ni ina bin ƙirjinta da ido ina ƙidaya. Har na fara cewa a raina ashe ledar ce ta yi ƙarya, ashe na kuɓutar da ita. Safiya ta uku ta idar da salla a zaune, ta kasa tashi. Leɓenta ya yi duhu. Tana jan iska kamar mai ɗaga dutse, kalma ɗaya sai ta huta. Na ce Inna ya jiki, don ban san abin da zan ce ba. Ta ce da sauƙi. Baffa ya fita neman mota da gudu, ban taɓa ganin ya yi gudu ba. Kafin ya dawo, da hantsi, ta cika. Gwaggo ce ta wanke ta. Abin da ta roƙa ta samu, kuma na daɗe ina ɓuya a bayan wannan.

Baba ya iso ta hanyar daji bayan an yi sadakar arba'in. Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya ce a ba shi duk abin da aka zo da shi daga asibiti. Ya zauna gindin bedi, ya ɗaga hotunan biyu ga rana, ɗaya a kowane hannu, ya daɗe.

"Wanga na ranar da kunka je ne?"

"Shi ne, Baba."

"Hwari kaɗan. Wanga kuma bayan an sa ta cikin injin sau biyu. Dubi. Sanda, zo ka gani. Ta shiga da huhunta baƙi, sun hwaranta shi. Sannan likitan ya ce muku da sauƙi da baki, ya rubuta wani abu da hannu."

Kin ga, duk wanda ya ɗaga ledar nan abin da zai gani ke nan. Mutane suka riƙa zuwa kallo, har daga ƙauyukan Safo da Gabi, ana miƙa wa juna, ana salati. Ni ke kawo musu ruwa. Ban san ko mutum nawa aka rubuta wa takardar radiyo ya tuna da hotunan gidanmu ya ninke ta ya ajiye ba. Ba na son in sani. Na bar kolej, aka yi mini aure da babanki, aka haife ki, Baba ya ce a sa miki sunanta. Duk wanda ya kira ki Ummi sai in ji kamar da ni yake.

Mako uku da suka wuce Baba ya fara tari. Zazzaɓi ya biyo. Majo ya saurari ƙirjinsa ya rubuta takarda, Baba ya ninke ta ya tura ƙarƙashin tabarma. Na je gida na tarar yana alwala, ya wanke fuska ya tsaya, ya dafa buta, kamar yana tunanin wani abu. Na san wannan tsayuwar. Na roƙe shi, babanki ya roƙe shi, Baba ya ce injin da ya ci Mariya ba zai ɗanɗana shi ba. Kwana biyu ina juya maganar a raina. A na uku, bayan la'asar, na goya ki na je. Yana kishingiɗe gindin bedi, Baffa yana gefensa, Gwaggo tana tsince wake. Na durƙusa nesa kaɗan. Na faɗa musu duka, tun daga ƙarshen gadon har takardar da na sa wa hannu. Da na gama ba abin da ake ji sai numfashin Baba.

Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu. Balki. Ke?"

Baffa ya miƙe tsaye. "Ƙarya ta kai. So take ka tahi, shi ya sa ta ƙaga wannan. Ko kuwa can ta yi muna ƙarya? To wace za mu kama, ta da ko ta yanzu? Ɗiyar da ta dube ni cikin ido sau biyu!"

Gaskiyarsa ne, mai ƙarya ɗaya ce ke magana a duka biyun. Baba bai dube shi ba, ni yake kallo.

"Lambar nan. Ya hwaɗa miki ma'anarta?"

"Ya faɗa, Baba."

"Kin gane?"

"Na gane."

"Tun kahin injin ya taɓa ta karo na biyu, tana ajiye bokiti a hanya?"

"Tun a gida, Baba. Tun kafin mu je."

Ya rufe ido. Na ɗauka ya gama da ni ke nan har abada. Can ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya jawo takardar.

"Sanda, nemo mota."

Da muka isa Maraɗi, Bazabarmen ya daɗe da barin asibitin. Wata likita muka samu, Bahaushiya. Da aka kira Baba na tashi zan bi shi, ya ɗaga mini hannu a bakin ƙofa.

"Ke tsaya nan. Kunnena na ji."

Na tsaya a baranda kina bayana, ina jin muryarsa ta cikin ƙofa yana tambayarta gida-gida, wannan nawa, wannan nawa. Takwas ya samu. Ta ce ba ta kai a firgita ba, ba ta kai kuma a koma gida ba. Ya kwana biyar, biyu daga ciki da roba a hanci, a ɗakin bayan nan, wanda ashe ɗaki ne mai taga da gadaje. Makon jiya aka sallame shi.

Kada ki ɗauka komai ya gyaru. Ban sani ba ko Inna za ta tashi da an sa mata iska, likitan da kansa ya ce ba duka ba. Abin da na sani, an ba ni magana in kai, na canza ta a hanya. Baffa har yanzu yana cewa injin ne, Baba dai Allah ya kiyaye shi. Wataƙila ya fi masa sauƙi da ya tuna wanda ya sa aka ɗaure kaya. Gwaggo tana amsa gaisuwata tana kallon wake. A gari ba a san komai ba tukuna, kuma duk matar da ta yi shiru in na iso rijiya sai in ce ta ji. Ni kaina na lalace, duk wanda ya ce mini da sauƙi sai in kama kallon ƙirjinsa.

Yau da safe na goya ki na je gaishe shi. Tsoffin hotunan ba su a inda yake rataye su, ban tambaya ba. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana. Ya jiki?"

Ya daɗe yana kallona, har na sunkuyar da kai.

"Tari ya ragu. Hagun nan da nauyi har yanzu. Jiya na nuhi masallaci, sau biyu ina hutawa."

Tun da nake ban taɓa jin babba ya amsa gaisuwa haka ba. Na jira ya ƙara da sauƙi a ƙarshe, ko don Gwaggo da ta ɗago kai. Bai ƙara ba. Na fara kwance goyo in miƙa masa ke, ya ɗaga hannu.

"A'a, daga nan. Likita ta ce kada ta matso sai tarin ya ɗauke. Juyo mini da matata in gan ta."